Masarar Kawu Isiyaku da Tafiyata Faraku

Tun da na dawo daga Faraku ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a wajen masu kayan miya a kasuwar Funtua sai an tare ni: "Hauwa, yaya ƙasar masu Faransanci? Me suke ci? Da gaske ba a ɗauke musu wuta?" Wata ƙawata ma cewa ta yi na yi haske, alhali rana ce ta gasa ni son ranta. To, bakina ya gaji. Ga labarin nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata zan ce ya zo ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman masara da waken suya da auduga. Ofishinmu yana Funtua, mambobinmu kuwa sun bazu daga Malumfashi har Mahuta. Rumbun bayanan ƙungiyar ni na gina shi, kuma ba zan yi muku kunyar ƙarya ba, na gina shi da kyau. A ciki akwai sunan kowane manomi, da ƙauyensa, da lambar wayarsa, da inda gonarsa take, da buhu nawa ya girbe, da inda ya ajiye. Maganar buhunan nan masu tallafa mana da taki ne suka ce a riƙa rubutawa, wai don su ga ko takin yana aiki.

Duk wanda ya zauna a yankinmu a shekarun nan ya san hatsarin a san yawan hatsin mutum. 'Yan bindiga ba sa zuwa gidan da ba su ji labarinsa ba. Shi ya sa ranar da muka je yin rajista a Maska, Kawu Isiyaku, yayan mahaifiyata, ya ƙi ƙememe.

Ya ce, "Kulu, tun da nike noma, ko uwarki ba ta taɓa jin adadin hatsina ba. In an tambaye ni, alhamdu lillahi nike cewa, a wuce wurin. Yau ke za ki ce in faɗa ma inji?"

Maƙwabcinsa Nomau, wani dattijo Bamaguje, dariya kawai ya yi ya saɓa fartanyarsa. Na zauna a zauren Kawu na yi masa bayani har muryata ta dushe. A ƙarshe na ce, "Kawu, rumbun nan a kulle yake, makullin a wajena yake. Wallahi ba wanda zai ga naka." Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyo ya faɗa mini adadin ƙasa-ƙasa. Ganin Kawu ya faɗa, sauran mutanen unguwar suka faɗi nasu, har Nomau. A kan rantsuwata suka yarda, ba a kan injin ba.

Farkon damina aka aiko mana da gayyata zuwa wani taron ƙara wa juna sani a Faraku, cikin Jamhuriyar Benin, na masu riƙe bayanan manoma. Aka ce mutum biyu. Aka zaɓe ni da Hajiya Talatu, shugabar matan ƙungiya, 'yar kasuwar hatsi, mace mai jiki da murya, wadda bakinta ba shi da birki.

Kafin mu tashi, Alhaji shugaban ƙungiya ya ce sai na bar wa Malam Nasiru, sakatarenmu, kalmar sirrin shiga rumbun. Lokacin rabon taki ne, kuma hanya hanya ce, ba wanda ya san abin da Allah zai yi. Maganarsa gaskiya ce, ban yi musu ba. Na zaunar da Malam Nasiru gaban baƙin allo, wato tagar nan da ba hoto ba ado, rubutu kawai kake buga wa kwamfuta ta ba ka amsa. Da ita muke magana da rumbun, wanda ke kan wata babbar kwamfuta da muke haya ta intanet. Na shirya masa umarnin da zai fito da suna da ƙauye kaɗai. Na nuna masa yadda zai bari injin ya tambaye shi kalmar sirri, sannan ya buga.

Ya gwada, ya yamutsa fuska. "Malama Hauwa, ban ga abin da nike bugawa ba fa."

Na ce, "Da gangan aka yi haka, Malam, don kada na bayanka ya gani. Ka buga kawai, yana shiga."

Ya ce, "To, na gane. Ku je abinku, Allah ya kiyaye hanya."

Daga Funtua muka shiga Kaduna, can muka sauya mota. A tashar ne na fara sanin da wa nake tafiya. Jakata ɗaya ce da kwamfuta. Hajiya kuwa ta zo da kuka, da daddawa, da yaji, da dambun nama, da garin kunu, da wata 'yar tukunya. Yaron mota ya tambaye ta ko ƙaura za ta yi. Ta ce masa, "Kai dai loda. Ni ba a kai ni ƙasar mutane in mutu da yunwa."

Hanyar Mokwa zuwa Jebba kuwa, Allah ya ba direbobi lada. Tireloli sun yi layi, ruwa ya cinye gefen titi, muka tsaya cak har mutane suka fito suka shimfiɗa darduma. Wata Banufiya mai ƙuli-ƙuli da busasshen kifi ta zo taga, Hajiya ta taya, suka kama ciniki kamar za su daku, suka rabu suna musayar lambar waya. Kusa da ni wani malamin makaranta ne ɗan Ilori, ya ga jakar kwamfuta a cinyata ya ce ko na iya gyaran waya. Na ce na fi ƙarfin nan. Ya miƙo mini ita duk da haka, na goge masa hotunan da suka cushe ta, ya yi ta sa mini albarka da Yarbanci.

A Ilori muka sauka gidan wata 'yar uwar Hajiya a unguwar Hausawa. Aka kawo amala da miya mai yauƙi. Ni na ci na ƙara. Hajiya ta daɗe tana kallon kwanon, ta ce, "Tuwon nan ƙonewa ya yi ko haka Allah ya yi shi?" Matar gidan ta yi dariya har da hawaye. Kafin a kwashe kwanuka, Hajiya ta cinye nata ta taɓa nawa.

Daga nan sai ƙaramar mota zuwa Cikanda, bakin iyaka. Mutum biyu a kujerar gaba, mu a baya kamar an ɗaure itace, da wani bunsuru a but yana ba mu labari duk hanya. A ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka, wani jami'i ya karɓi takardunmu da katin rigakafi, ya yi wa Hajiya tambaya da Faransanci. Ita kuwa ta ɗauka in ta ɗaga murya zai gane, ta shiga kwarara masa Hausa: "Ta-ro! Taron ma-no-ma za mu!"

Ya bari ta gama, sannan ya ce da Hausa tsantsa, "Hajiya, ni ba kurma ba ne. Sannunku da hanya." Ashe uwarsa 'yar Kamba ce. Hajiya ta rufe fuska da mayafi, ni kuwa dariya ta hana ni sa hannu a takarda.

Ba mu yi nisa da iyaka ba sabis ɗin wayata ya ɗauke ɗif. Direba ya ce in sayi layin ƙasar in mun isa garin Nikki. Na ce a'a, bari kunnena ya huta da 'yan ofis. Na jefa wayar cikin jaka ina jin daɗi.

Faraku gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu kowa da riga iri ɗaya mai lamba a baya, in ya yi maka ba daidai ba ka san wanda za ka kai ƙara. Abin da ya fi ɗaure wa Hajiya kai shi ne mata. Mace da goyo a baya, da kwandon doya a gaba, tana tuƙa babur ɗinta hankali kwance. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Hauwa'u, in na koma sai na sayi nawa. In ga wanda zai hana ni a Funtua." Na ce Alhajinta ne zai fara.

Masaukinmu gidan wata Madam Salamatu ne, Badandiya, tana jin Hausa amma da wani irin lanƙwasa, kamar tana rera ta. Ɗakin tsaf, da gidan sauro, da bokitin ruwa a ƙofa. Da safe ta kawo mana shayi da burodi dogo mai tauri. Hajiya ta ɗaga shi ta juya ta ce wannan ai na korar awaki ne. Amma da rana, jama'a, sakwara! Ga laushi, ga miyar gyaɗa, ga wagashi a ciki, wato cukun nono da Fulaninsu ke yi, a soya shi ya yi ja. Tukunyar Hajiya da kukarta ko buɗe su ba a yi ba har muka dawo.

Wata al'adarsu kuma, rana na take tsaka sai a rufe ofisoshi, kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai can a dawo. Mu da muka saba cin abinci a kan tebur da hannu ɗaya, ɗayan yana kan aiki, abin ya ba ni haushi da farko, daga baya ya ba ni sha'awa. Masu tambayar wuta kuwa, ana ɗaukewa. Ba kamar namu ba dai, amma ana ɗaukewa, ku kwantar da hankalinku.

Zauren taron cike yake da mutane daga ƙasashe daban-daban, da tafinta a gefe. Wani bawan Allah ya zo gaisawa ya miƙo wa Hajiya kumatu, irin gaisuwarsu. Ta yi baya da sauri har ta ture kujera, ta ce, "A'uzu billahi! Daga nan ma ya isa."

Mai koyar da mu wata 'yar ƙaramar mace ce, Madam Odil, ba ta da hayaniya. Rana ta biyu da safe ta ce wa zai ba da aron kwamfutarsa a haɗa da majigi. Wani mai kwat, wanda tun jiya yake nuna ya fi kowa sani, ya yi wuf ya miƙa. Ta ce ya buɗe baƙin allo. Ya buɗe. Ta ce ya danna kibiyar sama. Ya danna, umarnin da ya buga na ƙarshe ya dawo. Ta ce ya ci gaba. Yana dannawa, tsofaffin umarninsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, manya-manya, sai ga layin da yake shiga rumbun ma'aikatarsu da shi, da kalmar sirrin a rubuce ɓaro-ɓaro. Sunan mace ne ma. Wani daga baya ya tambaya ko sunan madam ne, zaure ya kwashe da dariya. Mai kwat ya fizge waya daga majigi yana gumi.

Madam Odil ba ta yi dariya ba. Ta ce baƙin allon nan ba ya mantuwa. Duk abin da ka buga masa yana adana shi a wani fayil, don ya sauƙaƙa maka gobe. In ka haɗa kalmar sirri a layi ɗaya da umarni, to ka ajiye ta ke nan ga duk wanda ya zauna a kujerarka, da mai gyaran da ka kai wa kwamfutar, da wanda kuke amfani da inji ɗaya da shi, domin yana iya leƙa umarnin da ke gudana. Sunaye da lambobin wayar da ka nema ma suna nan a fayil ɗin. Sannan ta ce, mafi sauƙin duka, wanda ya ɗauki hoton allonka ya tafi da ita a aljihu.

Ta ce wa zai sake gwadawa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na miƙe, don na san hannuna. Na haɗa, na yi ta danna kibiya har yatsana ya gaji. Babu kalmar sirri ko ɗaya, babu sunan manomi ko ɗaya. Madam Odil ta gyaɗa kai. Hajiya, wadda ba ta gane komai ba sai dai ta ga na ci, ta ɗaga murya ta ce, "Funtua ke nan!" Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa. Na koma kujerata ina jin kaina ya yi girma.

Da aka tashi shan shayi na karɓi intanet ɗin zauren, na ce bari in leƙa gida. Saƙonni suka yi ta zubowa. Na buɗe guruf ɗin shugabannin shiyya na ƙungiyarmu, na tarar ana ta cacar baki tun jiya. Wani ya baza jita-jita cewa an cire sunayen mutanen Maska daga rabon taki. Malam Nasiru ya rantse suna nan, ba wanda ya saurare shi. Kun dai san mutanenmu. Ba a ce wa manomi "sunanka yana ciki" ya tafi. Sai ya gani da idonsa, in bai iya karatu ba ya kira ɗansa ya nuna masa da yatsa. To, don a zauna lafiya, Malam Nasiru ya ɗauki hoton allon da wayarsa ya saka a guruf, ya rubuta, "Ga sunayenku nan, kowa ya duba."

A ƙarƙashin hoton sai godiya. "Allah ya saka da alheri, sakatare." "Na tura wa 'yan Malumfashi su ma su ga ana aiki." "An tura Mahuta." Mu ai tura saƙo gaba kamar zumunci muka ɗauke shi.

Na buɗe hoton na ja shi da yatsu. Suna da ƙauye kawai, yadda na shirya masa. Ga Isiyaku, Maska. Ga Nomau, Maska. Na fara sakin numfashi, sai idona ya hau can sama, layin farko. Adireshin babbar kwamfutar. Sunan shiga. Kalmar sirri, harafi bayan harafi, fes, ko gilashi ba ka bukata.

Wallahi ban ga zauren taron ba, zauren Kawu na gani, da yadda ya sunkuyo ya faɗa mini adadin nan ƙasa-ƙasa. Lokacin damina ne, lokacin da mai hatsi ke riƙe da abinsa yana jiran farashi. Duk wanda ya iya baƙin allo, ya ga hoton nan, zai iya zama a ɗakinsa ya jera manoman yankinmu daga mai buhu mafi yawa zuwa ƙasa, da ƙauye, da lambar waya, da inda aka ajiye. Kuma na san sunan Kawu ba a ƙasa zai fito ba.

Hajiya ta ce, "Ke, lafiya? Kin yi fari fat."

Na ce, "Hajiya, riƙe mani shayin nan."

Ban yi kuka ba, ban yi salati da ƙarfi ba. Kaina dai yana aiki. Na zauna a ƙasa kusa da soket, na shiga rumbun, na sauya kalmar sirri. Wannan shi ne na farko, kuma bai ɗauke ni lokacin shan kofin ruwa ba. Sannan na buɗe inda injin ke rubuta duk wanda ya shiga da inda ya fito. Na bi layi-layi tun daga ranar da muka bar gida. Ofishinmu. Ofishinmu. Ofishinmu. Sai ni, daga Faraku. Ba baƙo.

Madam Odil ta zo ta tsaya a kaina. Na nuna mata hoton, ba sai an kira tafinta ba. Ta ja kujera ta zauna, muka toshe hanyar shiga ta ko'ina, muka bar ta ofis da tawa kaɗai. Ta dafa kafaɗata ta koma wajen shayinta.

Sannan na kira Malam Nasiru ta intanet. Ya ɗauka da fara'a. "Malama Hauwa! Kin ga yadda na kashe wutar 'yan Maska?"

Na ce, "Na gani, Malam. Buɗe hoton ka karanta mani layin farko."

Can na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Me ya sa ka sa ta a layi? Ba na nuna maka ba?"

Ya ce, "Wallahi na yi yadda kika ce. Ofis cike da mutane, ana ta hayaniya a kaina. Na buga, ban ga komai ba, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na ce ko madannan ne suka lalace. Sai na tuna a makaranta mun taɓa sa ta a layi, ana ganinta. Ina sawa ya buɗe. Ni sunayen kawai nike kallo da na ɗauki hoton."

Na so in yi masa faɗa, amma dattijo ne, ya girme ni nesa, kuma muryarsa ta riga ta karye. Na ce, "Na sauya ta, ba wanda ya shiga. Ka goge hoton, ka rufe kwamfutar ka sa a durowa. Kada ka ba kowa aro, kada ka kai gyara, sai na zo." Ya ce zai goge nasa, amma hoton ya riga ya yi nisa. Na ce na sani.

Washegari kafin a fara darasi na sake leƙa inda injin ke rubuta masu shiga. Wani ya zo. Daga wani layi da ba namu ba, an yi ta ƙoƙarin shiga, an sake, an sake, ƙofa ta ƙi. Ban san ko wane ne ba. Wataƙila wani ɗalibi ne mai ƙaiƙayin hannu. Wataƙila kuma ba ɗalibi ba ne. Abin da na sani shi ne hoton a wayoyin mutanenmu ya yi yawo, don haka wanda ya karanta layin nan ya gane shi ba daga wata duniya ya zo ba. Ranar ko sakwarar Madam Salamatu ban iya ci ba, har ta tambayi Hajiya ko zazzaɓi nake.

Dawowa ba ni da labarinta da yawa. Hajiya ta sayo wagashi ya lalace kafin Jebba, motar ta ɗauki wari, fasinjoji suka yi mata caa, ta ce hancinsu ne. Ni kuwa tunani nake ta yi. Masu taki so suke su san ko amfani ya ƙaru. To, jimlar kowace shiyya ta ishe su. Me ya kai buhunan Kawu, shi kaɗai da sunansa, cikin injin da ke wata ƙasa? Kullewa na iya, na kuma nuna na iya. Amma kulle yana hannun mutane, mutane kuma suna gajiya, ana yi musu hayaniya a ka.

Ina isa Funtua na goge fayil ɗin tarihin da ke kwamfutar ofis, na buɗe wa Malam Nasiru tasa ƙofar daban, wadda ba ta ganin komai sai suna da ƙauye. Ya ɗauki hotonta ya manna a tasha in ya so. Sannan na sami Alhaji shugaba na ce daga yau jimla kawai za mu riƙa ajiyewa. Ya fara cewa masu taki za su yi ƙorafi. Na nuna masa layukan wanda ya zo taɓa ƙofa. Ya cire hula ya share gumi ya ce, "Yi yadda kika gani."

Na fitar da jimlar, na goge tsofaffin kwafin ajiya, na bar abu ɗaya ban taɓa ba. Ranar Juma'a na hau babur zuwa Maska da kwamfuta a baya.

Na sami Kawu a zaure, Nomau yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa da tsarabar burodin korar awaki, na faɗa musu komai, ban rage ba. Kawu bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "An shiga?"

"Ba a shiga ba, Kawu. Amma an taɓa ƙofar."

"Da kin makara fa?"

Na ce, "Da an shiga."

Nomau ya yi 'yar dariyar nan tasa. Na buɗe kwamfutar, na haɗa ta da wayata, na juya allon wajensu. Na nuna wa Kawu sunansa da yatsa, da adadin da ya faɗa mini a gabansa, da inda ya ajiye. Na ce, "Wannan zan goge, naka da na kowa. Na bari ne ka gani da idonka." Na buga umarnin. Na sake kiran sunansa. Isiyaku, Maska, sai lambar waya. Ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana dubawa, ya ce in nuna masa na Nomau. Na nuna. Ya koma ya jingina da bango.

Ya ce, "To. Allah ya yi maki albarka, Kulu."

Da zan tafi ya shiga cikin gida ya sa aka ɗaura mini ƙullin masara a bayan babur, wai in kai wa mahaifiyata. Masara ce mai kyau, fara tas, ba ƙwaro ko ɗaya. Raina ya yi sanyi, har tsokana ta dawo mini. Na ce, "Kai, Kawu, irin wannan kyauta haka? Halan da saura da yawa a rumbu?"

Ya dube ni, da murmushinsa da komai, irin kallon da yake yi wa dillalan kasuwa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Na tsaya ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Na ce wa mai babur mu tafi.